Hannun da ke Huda Takarda

Ƙofar Marusa,
Katsina.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da mutanen da za su ji tausayinki. Ni na sa innarki ta ɓoye takardar a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai kin isa. Da za ki karanta ta a gabana, ba zan iya haɗa ido da ke ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika baro shi. Maganar tafireta zan yi maki, tunda ita za ki koya a makarantar nan, kuma da ita na yi shekara goma sha bakwai ina ciyar da ku. Kwana takwas ke nan da dawowata daga Kaduna, kuma har yanzu ban dawo daidai ba. Kin lura ba na cin abinci, kin tambaye ni, na ce maki zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi ba ne. Wata magana na jiyo a can wadda ta kashe mani jiki, amma ba za ki gane ta ba sai na faro maki daga farko.

A kan Tsohuwa nake buga wannan wasiƙa, tafiretar nan ta zaure da kika fara koyon aiki a kanta. Ke a tsufanta kika san ta. Ni na san ta tana sabuwa fil, ranar da aka fito da ita daga kwali a ofishinmu. A lokacin maɓallanta duk ɗaya suke: ki danna, ya ɗan yi maki gardama, sannan ya saki, ya tashi da sauri ya biyo yatsanki. Yau kuwa kowane da halinsa. Harafin a ya goge tas, ya yi ɗan kwarmi daidai kan ƙaramin yatsana na hagu, ya yi laushi har ba ya gardama ko kaɗan. Waɗanda suka ƙera ta sun ajiye shi ƙarƙashin yatsan da ya fi kowane rauni, ba su san akwai masu harshen da ba abin da yake ci kamar harafin a ba. Harafin n yana nawa da damina, sai an jira shi ya dawo. Harafin t kuwa ya ɗan karkace, yana hawa sama da layi kaɗan. Can gefe q da x suna nan da taurinsu kamar jiya aka kawo su, don ba mai damunsu. Da za a ɗaure mani ido a jera tafireta goma, da taɓawa ɗaya zan nuna maki ita.

Wanda ya koya mani jin wannan bambanci shi ne Malam Yohanna, wanda kike kira Baba Yohanna, mutumin kudancin Kaduna da ya riga ni shiga ofis da shekara tara. Ina zuwa aka zaunar da ni kusa da shi, ban san komai ba sai buga harafi da yatsa biyu. Shi ya riƙe hannuna ya ɗora kowane yatsa a gidansa. Hannunsa mara nauyi ne, in yana aiki ba ki jin komai sai ɗan ƙas-ƙas da ƙararrawar ƙarshen layi. Yakan ce tafireta tana tsufa ne da hannun mai ita, kuma hannun ma yana tsufa da ita. Ina jin haka in yi dariya a zuci, in ce tsohon nan ya cika ƙaƙale.

Kuskurena na farko a shekarata ta biyu na yi shi. Maɓallan Tsohuwa suka fara ɗan kuka in an danna. Maimakon in juya in tambayi mutumin da ke zaune kamu ɗaya da ni, sai na ga ai na iya. Na zo da man gyaɗa a kwalbar magani daga gida, na sami gashin kaza, na bi ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya na shafe su. Ranar farko abin ya yi daɗi, maɓallai na sulɓi, har ina hura hanci. Kafin sati biyu man ya daskare, ya haɗu da ɓurɓushin robar goge rubutu ya zama danƙo. In na danna harafi sai ya tafi ya manne a takarda ya ƙi dawowa. Wata safiya na ɗaga murfi na tarar da kiyashi sun yi layi a ciki, ga warin tsohon mai. Ga shi kayan gwamnati ne, kuma ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba.

Malam Yohanna ya sunkuyo ya shinshina, ya dube ni, ya tambaye ni ko ƙosai nake niyyar soyawa. Kwana biyu ya yi yana wanke ta da kananzir da tsohon buroshi bayan an tashi aiki, bai kuma gaya wa kowa ba. Duk maɓallan suka dawo, ban da ɗaya: na ɗigon aya, wanda ake rufe jimla da shi. Ya riƙe tauri kusan shekara guda, sai na ɗaga yatsa na maka shi da ƙarfi kafin ya fito. Daga baya ya saki, amma hannuna bai saki ba. Har yau in na zo ƙarshen jimla sai na make shi, ɗigon ya huda takarda ya bar ɗan rami. Malam Yohanna ya yi faɗa har ya gaji, kullum yana cewa ina ɓata wa gwamnati takarda.

Saboda haka, Uwani, kada ki sa wa injin mutane abin da ba ki sani ba, ko da kin ga yana aiki a keken ɗinkin innarki. In abu ya fara kuka, ki tambaya. Kuma ki lura da abin da hannunki yake koya a lokacin da abu ya lalace, don injin zai gyaru ya bar ki da halin.

Kuskure na biyu kin ga wani sashe nasa da idonki, ko da yake ba ki san cikinsa ba. Kin tuna shekarun nan da kuɗin man fetur suka fara zubowa, kowa ya rikice, masinjanmu ma ya sayi babur, Babbar Kasuwa ta cika da rediyo da fanka. Mu ma aka kawo mana tafireta masu aiki da lantarki guda uku, mu kuwa masu buga takarda mu biyar ne. A ƙa'ida Malam Yohanna ya kamata a fara bai wa. Ni kuwa na yi ta zarya ofishin shugabanmu, ina rusunawa, ina nuna ni ne mai jini a jika, har aka ba ni ɗaya. Tafiretar Malam Yohanna ta riga ta mutu, sai aka tura mashi Tsohuwa, aka rubuta sunansa a kanta a littafin sito. Bai yi ƙorafi ba. Akwai wani ɗan ƙarfe a gefenta da ake matsawa a ɗaure sifirin da ke ƙara wa maɓallai tauri ko a sassauta shi. Ni a ɗaure nake son shi, don hannuna mai nauyi ne. Shi kuwa yana karɓa ya sassauta shi har ƙarshe, ya ci gaba da aikinsa.

Sabuwar nan ta kunyata ni. Maɓallanta ba su san gardama ba, kina ɗora yatsa sun riga sun buga. Ni da na saba hutar da yatsuna a kan haruffa kafin in fara, sai in ga harafin a guda biyar sun jeru a takarda. Na saba jiran n, ita kuwa ba ta jira. Shekara goma sha huɗu ina aiki, na koma ina ɓata takarda huɗu kafin in fitar da ɗaya. Girman kai kuma ya hana ni cewa a nuna mani. Wata rana shugabanmu ya fito da wasiƙar da na buga, ya ɗaga ta a gaban kowa, har da 'yan matan da aka ɗauka aiki a watan, ya ce, "Malam Dahiru, wanga aiki rubutu ne ko kirɓin hura?" Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Na yi murmushin yaƙe, amma maganar ta zauna mani a rai.

Ke ma ki sani hannunki renon Tsohuwa ne. Duk abin da za su ajiye a gabanki a makaranta zai fi ta laushi, kuma za ki yi ɓarna a makon farko. Ki sassauta hannu, ki yarda ke ɗaliba ce. In an yi maki dariya, ki bar ta a inda aka yi ta, kada ki taho da ita gida ki yi ta juya ta kamar yadda na yi.

Yanzu ga na ukun, wanda saboda shi na zauna rubutun nan. A shekarar da aka yi ta karanta sunayen ma'aikata a rediyo ana sallamarsu, takardar ƙorafi marar suna ta zama abin tsoro, guda ɗaya tana iya tumɓuke babban mutum. Na ji ana raɗe-raɗin cewa shugabanmu ya kwashe wasu kayan ofis ya kai shagon surukinsa. Ban gani ba, ji na yi. Amma haushin kirɓin hura yana cina. Wata ranar Laraba da aka tashi aiki, bayan la'asar, na tsaya kamar ina ƙarasa wani abu. Da kowa ya watse sai na tashi daga kujerata na zauna a ta Malam Yohanna. Na ɗaure sifirin yadda nake so, na buga shafi guda cur ba kuskure ko ɗaya. Abin da na ji na rubuta, na kuma ƙara da abin da ban ji ba. Ban sa suna ba, na jefa ta a gidan waya.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don hannuna ya saba da Tsohuwa ne na zauna a kanta. Ƙarya nake yi wa kaina. Na san kowace tafireta tana da shaidarta a takarda, kuma ban so a ga shaidar tawa. Na ce a raina ba wanda zai bincika, in ma an bincika, wa zai zargi mutum kamar Malam Yohanna.

Aka bincika. Zargin bai tabbata ba, sai magana ta juya ta koma neman wanda ya rubuta. Kwamitin mutum uku ya zo, aka sa kowace tafireta ta buga layi ɗaya, aka jera kusa da takardar. Ko yaro ya ga t ɗin nan mai hawa sama da layi. Aka buɗe littafin sito aka ga sunan da ke kanta. Aka kira Malam Yohanna, mu sauran muna tsaye a bayansa. Ya roƙi a ba shi takardar ya duba. Ya karɓa, ya ɗaga ta wajen taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye. Ya ce tafiretarsa ce, amma ba shi ya rubuta ba. Aka tambaye shi wa ya rubuta, ya ce bai ga kowa ba. Aka sake tambayarsa, ya yi shiru mai tsawo. Ina tsaye, bakina ya yi nauyi, na ce wa kaina gobe zan yi magana.

Goben ba ta zo ba. Aka sallame shi, saura shekara uku ya yi ritaya da mutuncinsa, aka karanta sunansa a rediyo cikin na masu laifi. Kin tuna ranar da suka tashi daga gidansu na Ƙofar Kwaya? Innarki ta yi wa Mama Rifkatu dambun nama na guzuri, ke kina riƙe da kwandon kwanoninsu. Ni na kama gadonsu na ɗora a mota, har na yi hawaye, mutane suna cewa ka ga amana. Da aka yi gwanjon tsofaffin kayan ofis na sayi Tsohuwa na kawo gida, don ban so wani ya sake jera rubutunta kusa da komai.

Da makarantarku ta ce lallai sai an rubuta sunan wani babba a Kaduna da zai tsaya maki, innarki ta ce ai ba mu da kamar Malam Yohanna. Na rasa dalilin da zan ba ta na ƙi, sai na buga 'yar takardar roƙo na haɗa da fom ɗin, na shiga mota. Na yi zaton zan same shi a gida yana hutawa. Aka yi mani kwatance, na same shi a barandar wani shago kusa da kotu, da ɗan tebur da wata ƙaramar tafireta, yana buga wa mutane takardun rantsuwa a cikin zafin rana. Kansa ya yi fari fat. Mutumin da ya koya wa rabin ofishinmu aiki, ga shi yana kiran masu wucewa.

Ya tashi ya rungume ni. Ya tambayi innarki, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku, ya tambayi liman da mai shayin bakin ofis, ya sa aka kawo mani ruwan sanyi. Na miƙa mashi takardar. Ya karanta, sai ya ɗaga ta sama wajen hasken rana, daidai yadda ya yi a gaban kwamiti, ya yi 'yar dariya.

Ya ce, "Dahiru, har yanzu ba ka bar huda wa mutane takarda ba."

Na sha jinin jikina.

Ya ce, "Tun washegari na san ka zauna a kujerata. Ina ɗora yatsa na ji an ɗaure sifirin, kuma mutum ɗaya ne a Katsina yake son ta da tauri haka. Ban san abin da ka buga ba sai ranar kwamiti. Da na ɗaga takardar, na ga rana tana shigowa ta kowace aya."

Da ƙyar na ce, "To Malam, mi ya hana ka hwaɗi?"

Ya ce, "Kana tsaye a bayana, ina jin numfashinka. Na ce bari in yi shiru in ba shi wuri ya faɗa da bakinsa. Ni na ɗora yatsunka a kan haruffan nan, ban iya nuna ka da nawa ba. Na jira ka ranar. Na jira ka ranar da kake ɗora mani gado a mota."

Uwani, shekara uku ina zaton na ɓoye abu, ashe mutumin yana kallona. Duk gaisuwar sallah da na aika mashi, duk goron da na ba direba ya kai, ya karɓa ya aiko da godiya, alhali ya sani. Na zauna a bencin masu jiran takarda, mutane na wucewa, na kasa ɗaga kaina. Na fara ba shi haƙuri, magana na sarƙewa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya jawo fom ɗin ya ce, "Ita Uwani ba ta buga komai ba. Kawo biro." Ya sa hannu, ya ce ki riƙa zuwa gidansu ranar Asabar, Mama Rifkatu za ta ji daɗi.

Ga abin da nake so ki riƙe, ko da kin manta sauran. Duk takardar da ba za ki iya sa sunanki a ƙasanta ba, kada ki buga ta, ko ke kika tsara ta ko wani babba ya miƙo maki. Kada ki rubuta abin da kika ji kamar kin gani. Kada ki zauna a kujerar wani ki yi abin da ba za ki yi a taki ba. In kuwa kin yi kuskure aka kama wani, ki yi magana a wurin, a lokacin, tun bakinki bai yi nauyi ba. Ni na ce gobe, yau shekara uku.

Shekaranjiya na gaya wa innarki komai. Da yamma ta ajiye mani tuwo ta ce, "Ka makara, Malam, amma ka tahi." Na buga wata takarda zuwa ga hukumar da ta sallame shi, na faɗi ranar, na faɗi abin da na rubuta da abin da na ƙara, na ce su jera ta kusa da waccan su ɗaga duka biyun a haske. Ranar Litinin zan kai ta da hannuna. Mai yiwuwa su kore ni, mai yiwuwa ki ji sunana a rediyo kina cikin ƙawayenki, shi ya sa na ga gara ki fara ji daga wurina. Ban sani ba ko za a mayar mashi da haƙƙinsa, amma a ƙalla za a san ba shi ba ne.

Kwafin takardar yana cikin ambulan ɗin nan. Ranar Asabar in kin je, ki durƙusa ki gaishe shi yadda kike gaishe ni, ki miƙa mashi da hannu biyu. Ba sai kin ce komai ba, zai duba da kansa. In kuma bayan wannan kin ga ba za ki iya rubuto mani ba na ɗan lokaci, ba zan ga laifinki ba.

Kafin ki ninke wannan wasiƙa, ki fita waje ki ɗaga ta sama wajen rana. Na yi iya ƙoƙarina in sassauta hannu tun daga layin farko, na kasa. Ki ƙirga ramukan in kina so, duk nawa ne.

Allah ya kiyaye ki dare da rana, ya tsare hannunki daga cutar da kowa, ya ba ki ilimi mai amfani, ya dawo mana da ke lafiya. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki yi mani addu'a ranar Litinin.

Ni ne mahaifinki,
Dahiru.